Yadda zaka lissafa angula momentom na abin da ke tafiya miƙe, ko da baya juyawa

Asabar ɗin da ta wuce ina zaune ƙofar gida nan unguwar Aboabo a Kumasi ina shan kokona da ƙosai, sai ga 'yar yayata ta dire min littafi a cinya ko sallama bata ƙarasa ba, wai Kawu duba min wannan tambayar don Allah, ni dai inaga ticha ne ya rikice. Na duba. An ce wata mota tana tafiya a miƙaƙƙen titi, ga kilonta ga gudunta, ga wani mutum tsaye gefen hanya, a nemo angula momentom na motar. Tace to Kawu mota dai ba fanka bace, ba katantanwa bace, tafiyarta take ɗoɗar bata zagaya komai, ina ita ina angula momentom, ai sifiri ne amsar, kawai so suke su ɓata mana lokaci. Nayi dariya har koko ya kusa sarƙe ni, don wallahi sak amsar da na rubuta kenan shekarata ta farko a jami'a, da gadarata har da jan layi biyu a ƙarƙashin sifirin, ranar da takarda ta dawo naga jan biro ya ratsa shafin tun daga sama har ƙasa, maki suka tafi haka nan kuma ba laifin kowa bane sai nawa.

Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda ake lissafin nan, ga 'yan sakandare masu fiziks da 'yan shekarar farko a jami'a da ma wanda kawai yake so ya gane.

Rikicin daga yadda ake fara koya mana abin yake. Da fanka ake farawa da tayar keke, a baka L = Iω ka haddace (L shi ne angula momentom, wato ma'aunin yawan juyi, I yadda kilon abin ya bazu daga tsakiyar juyin, ω saurin juyin), sai kanka ya kulle akan cewa sai abu na wulwulawa yake da shi. Alhali angula momentom ba wani abu bane da ke zaune a jikin mota kamar kilonta ko fentinta, tsakanin motar ne da wani wuri da kai ka zaɓa. Kamar nisa ne. In wani ya tare ka yace Ejisu akwai nisa, ai sai ka tambaye shi daga ina, daga Kejetia ko daga Tech, don amsar ba ɗaya bace. To haka nan duk wanda yace maka nawa ne angula momentom na motar nan, kafin ka taɓa kalkuleta ka tambaye shi daga ina ake kallonta.

Gani ya kori ji, je ka gwada da wuyanka. Ka tsaya gefen titi wajen Tech Junction ka fuskanci hanyar Ankara, Ankara tamu ta Gana nake nufi ba ta Turkiyya ba, ka zaɓi trotro guda, wato bas ɗin haya, tun tana can nesa ka kafa mata ido kada ka sake ta. Tana nesa kusan wuyanka baya motsi, tana matsowa zaka ji ka fara juyowa a hankali, daidai lokacin da ta gifta gabanka kuwa sai ka fizgi kai da sauri, sannan ya koma lafawa tana nisa ta ɗaya ɓangaren. Motar bata karkace ko taku ɗaya ba amma kai ka juya wuya kusan rabin da'ira. Layin da ya tashi daga idonka zuwa motar shi ne ke juyawa, kuma wannan juyin ne ake lissafawa. Da a tsakiyar layin da take bi ka tsaya, Allah ya kiyaye, wuyanka ba zai juya ko kaɗan ba, tana tunkaro ka ne kawai, to nan ne kaɗai amsar 'yata ta sifiri zata zama daidai.

Yanzu lissafin. A littafi zaka ga L = r × p, inda r yake kibiya daga inda ka tsaya zuwa abin, p kuma momentom ne na yau da kullum, wato nauyin abin a kilo, wanda a aji muke kira mas (m), sau gudunsa (v). Wannan alamar ta tsakiya ba sau ɗin firamare bace, sau ne na bektoci, wato abubuwan da ke da girma da kuma inda suka nuna, in aka warware girmansa sai ya zama L = m v r sinθ, θ kuma kusurwar da ke tsakanin r da inda abin ya dosa. Ni dai shawarata kada ka fara da kusurwa, nan ne yara ke zubar da maki. Ka lura r sinθ ba komai bane illa tazara mafi gajarta daga inda kake zuwa layin da abin ke bi, mu kira ta d, sai komai ya dawo L = m v d. Shi kenan, abu uku ne a ninka.

Ga yadda nake yi a takarda. Ina fara ɗiga ɗigo in rubuta O a kai, nan na tsaya kenan, kuma in tambaya ta faɗi wurin to shi zan bi, ba ni da zaɓi. Sai in ja layin tafiyar abin da rula, in zarce da shi gaba da baya har ya wuce inda abin yake, wannan zarcewar tana da muhimmanci don sau da yawa motar bata iso daidai gabanka ba tukuna, amma layinta ya riga ya iso. Sai daga O in saukar da wani layin ya faɗa kan na farko a tsaye cak, digiri 90. Tsawon wannan gajeren layin shi ne d. Ba nisan da ke tsakaninka da motar ba, na sake faɗa, ba shi bane.

Mu ɗauki trotro ɗin nan, a ce ta cika maƙil har da met, wato kwandasta, a maƙale bakin ƙofa, duka-duka kilo 3,000, tana gudun kilomita 36 a awa, kai kuma kana tsaye mita 4 daga layin da tsakiyarta ke bi. Kafin komai maida gudun zuwa mita a sakan, raba da 3.6, ya zama 10. Sai 3,000 × 10 × 4 = 120,000. Ma'aunin kuma kg m²/s ne, kilo sau mita sikwaya bisa sakan, kada ka bar lambar tsirara ba ma'auni.

To ga inda abin yake da daɗi. A ce motar saura mita 3 ta iso daidai gabanka. Nisanka da ita mita 5 ne, irin alwatikar nan ta 3, 4, 5 da kowa ya sani, sinθ kuwa 4 bisa 5, ninka su ka samu 4. A ce kuma tana can baya saura mita 40, nisanka da ita ya zama kamar 40.2, sinθ ya ragu zuwa kamar 0.0995, ninka su, 4 ce dai ta sake fitowa. Nisa na ƙaruwa sayin na raguwa, ɗaya na biyan bashin ɗaya, don haka muddin direba bai taka birki ko totur ba kuma bai sauya layi ba, 120,000 ɗin nan tana nan daram tun daga Oforikrom har ta ɓace maka.

Masu son Iω ma ba a bar su a baya ba, don in ka ɗauki motar kamar ɗigo guda to I ɗinta m r² ne, ω kuma saurin juyin wuyanka. Lokacin da take daidai gabanka r = 4, wuyanka na juyawa 10 bisa 4 wato radiyan 2.5 a sakan (radiyan ma'aunin kusurwa ne, ɗaya kamar digiri 57), 3,000 × 16 × 2.5 = 120,000. Tana mita 40 baya kuwa r² ya kai 1,616 amma wuyan naka da ƙyar yake yin 0.0248 a sakan, ninka zaka dawo gida, sai ɗan abin da taƙaita lamba ya ci. Wato dama can abu ɗaya ne aka sa masa riga biyu.

Sai batun alama, wanda shi ma ana mantawa da shi. Angula momentom bekta ne, yana da inda ya nuna. A Gana tun 1974 hannun dama muke tuƙi, saboda haka in ka fuskanci titi, motocin layin da ke kusa da kai daga hagunka suke fitowa su yi dama. Wanda ke kallo daga saman bene zai ga layin idonka na juyawa irin na hannun agogo, kuma a al'adar lissafi juyin hannun agogo shi ake ba alamar ragi, kishiyarsa a bashi tarawa. Kenan amsarmu cikakkiya −120,000 ce. In kana so ka tabbatar ɗaga hannunka na dama, miƙa yatsu huɗu suna nuna motar, sai ka lanƙwasa su zuwa inda ta dosa, zaka ga dole sai ka murɗe hannun tafin ya kalli dama, babban yatsa kuwa ya soki ƙasa. Can L ya nuna, cikin ƙasa. Kada kunya ta hana ka yin haka a ɗakin jarrabawa, duk wanda ka gani yana murɗa hannu kamar mai ciwon gaɓa a jarrabawar fiziks to ya san abin da yake yi, kawai ka tabbata ka ajiye biro ka yi da daman, don na sha ganin masu rubutu da dama suna yi da hagu amsa ta fito a juye.

Yanzu a ce mai waakye, wato shinkafa da wake, tana tsallaken titin, mita 6 daga wannan layin dai. A wurinta motar daga dama take fitowa tayi hagu, nata lissafin 3,000 × 10 × 6 = 180,000 ne kuma da alamar tarawa. Mota ɗaya, gudu ɗaya, sakan ɗaya, kai kace ragi 120,000 ita tace tarawa 180,000, kuma babu maƙaryaci a cikinku. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka fara lissafi daga inda kake ka ƙarasa shi daga teburin mai waakye. Inda ka kafa O nan zai zauna har ka ja layin ƙarshe.

Wani zai ce to trotro ai ba ɗigo bace, tana da tsawo da faɗi, ga fasinja a gaba ga na baya, wanne za a auna d daga gare shi. Tambaya ce mai kyau kuma nan ne ainihin ma'anar tafiya ba juyi take. Abin da ake nufi da ita shi ne kowane yanki na abin gudu ɗaya yake yi kuma wuri ɗaya ya dosa, direba 10, met 10, buhun doyar da ke but shi ma 10. Tunda v ɗin kowa ɗaya ne, in ka tara m r × v na kowa da kowa zaka iya fitar da v waje, abin da ya rage a ciki kuma, jimlar kilon kowa sau wurin zamansa, shi ne ma'anar cibiyar nauyi sau jimlar kilo. Don haka ka dunƙule motar duka ka ajiye ta a cibiyar nauyinta ka auna d daga nan, babu ruwanka da siffarta, ko akwati ce ko buhun gawayi. Tayoyi da injin da ke juyawa a ciki suna da nasu ɗan kason amma a irin wannan tambayar ana yafe shi.

Kuma tafiya ba juyi ba dole sai a miƙe ba. Kalli fedar keke, tana zagaya da'ira amma fuskarta na kallon sama koyaushe a ƙarƙashin takalminka, bata taɓa kifewa ba. Ita ma dunƙule ta zaka yi a cibiyarta, kilonta sau gudunta sau tsawon hannun fedar in daga tsakiyar giya kake kallo.

In tambaya bata baka hoto ba sai lambobin x da y, kada ka wahalar da kanka da neman d, akwai gajeriyar hanya: L = m(x·vy − y·vx), inda vx yake gudu ta wajen x, vy kuma ta wajen y. A ce kana kusurwar fili a filin ƙwallo na Baba Yara kana kallon wasan Kotoko, ka ɗauki tutar kwana a matsayin O, ƙwallo mai kilo 0.43 tana x = 12, y = 5, gudunta kuma 8 ta wajen x, 6 ta wajen y. Sai 12 × 6 = 72, 5 × 8 = 40, a cire ya rage 32, sau 0.43 ya bada 13.76. Alamar da kanta take fitowa, ba sai ka murɗa hannu ba. Tsarin kawai zaka kiyaye, x da vy ne a gaba, in ka juya su alama ta juye.

Mai amfani da sinθ kuma ya duba kalkuletarsa tana digiri ko radiyan kafin ya danna, wannan kaɗai ya isa ya kai mutum ya baro. Kada kuma ya damu in kusurwar ta haura 90 lokacin da motar ke tunkarowa, sayin 150 da sayin 30 duk 0.5 ne.

To me ke canza L? Tok, wato ƙarfi sau tazararsa daga O, kuma ƙa'idar ita ce tok shi ne yawan canjin L a kowane sakan, kamar yadda ƙarfi yake yawan canjin momentom. Direbanmu ya hango fasinja ya taka birki, a ce ƙarfin da ke tsayar da motar niyuton 6,000 ne. Daga inda kake tok ɗin 6,000 × 4 = 24,000 ne, raba 120,000 da shi ka samu sakan 5 kafin L ya ƙare. Duba ta tsohuwar hanya, 6,000 bisa 3,000 ya bada raguwar gudu 2 a kowane sakan, daga 10 zuwa sifiri sakan 5. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Haka mangwaro mai kilo 0.3 da ya tsinko daga reshe kana tsaye mita 2 daga inda zai faɗo, mu ɗauki g, wato ƙarin gudun abin da ke faɗowa a kowane sakan, a matsayin 10, bayan sakan ɗaya gudunsa 10, L = 0.3 × 10 × 2 = 6, tok ɗin nauyinsa kuwa 3 × 2 = 6 a kowane sakan. Nan L ƙaruwa yake tayi duk da layin miƙe yake, saboda akwai mai ja.

Nasan akwai mai cewa a ransa to duk wannan wahalar ta mece ce, tunda momentom na yau da kullum ya wadatar ga abin da ke tafiya miƙe. Amfanin yana fitowa ne ranar da mai tafiya miƙe ya ci karo da abin da ke iya juyawa, kuma irin tambayar da malamai suka fi so kenan. Ɗauki ƙofar shago ta katako, kilo 12, faɗinta mita 0.9, tana rataye a hinjinta ba a kulle ba. Yaro ya dunƙula laka mai rabin kilo bayan ruwan sama ya jefe ta da gudun mita 10 a sakan, ta daki ƙofar a tsaye mita 0.8 daga hinji ta manne. Da wane sauri ƙofar zata buɗe?

In kace zaka yi da momentom na yau da kullum ka faɗa rami, don lokacin da lakar ta daka, hinji ma ya yi nasa turin a ɓoye, kuma baka san nawa bane. Dabara ita ce ka kafa O a kan hinjin kansa. Duk ƙarfin da hinji zai yi tazararsa daga O sifiri ce, tok ɗinsa sifiri, ka rabu da shi ba tare da ka san shi ba, saboda haka L kafin karo daidai yake da L bayan karo. Kafin karo laka ce kaɗai ke motsi kuma miƙe take tafiya, 0.5 × 10 × 0.8 = 4. Kaga wanda yace sifiri ne nan zai tsaya yana kallon silin, don a lissafinsa ƙofa ba zata taɓa buɗewa ba alhali kowa ya ga ta buɗe. Bayan karo ƙofa da laka na juyawa tare. I na ƙofa daga hinji sulusin M sau faɗi sikwaya ne, 12 × 0.81 ÷ 3 = 3.24, na laka 0.5 × 0.64 = 0.32, a haɗa 3.56. Sai ω = 4 ÷ 3.56, kamar radiyan 1.12 a sakan, kusan digiri 64 kenan duk sakan. Sake jefawa da ƙarfi ɗaya amma ta daki mita 0.2 daga hinji, L ya zama 1 kacal, I ya zama 3.26, ω kamar 0.31, ƙofar da ƙyar zata yi ƙiii ta ɗan matsa. Laka ɗaya gudu ɗaya, d ne kawai ya canza. Shi yasa ba kafintan da zai sa maka hannun ƙofa kusa da hinji, ko bai taɓa jin sunan fiziks ba, haka makanikan Suame Magazine da ke zura bututu a sifana in noti ya ƙi kwancewa, tazarar suke ƙarawa.

Akwai wata fuskar kuma da nake so ƙwarai, ta fili. Koma kan trotro. A sakan ɗaya tana cin mita 10, in ka haɗa inda take da inda ta koma da inda kake tsaye ka samu alwatika mai gindi 10 da tsayi 4, filinta rabin 10 × 4, mita sikwaya 20. Sakan na gaba wata alwatikar, ta fi tsawo da siranta amma gindi 10 ne tsayi 4 ne, 20 dai. Layin idonka kamar tsintsiya yake, fili ɗaya yake sharewa duk sakan, kuma L ba komai bane illa 2 × kilo × wannan filin, 2 × 3,000 × 20 = 120,000. Wannan sharar filin ita ce Yohanas Kefla Bajamushe ya wallafa a 1609 game da duniyoyin da ke kewaya rana, cewa layin da ya haɗa duniya da rana fili ɗaya yake sharewa a lokaci ɗaya, sai Ayizak Niyuton a 1687 ya nuna dalili, kuma da irin waɗannan alwatikun na abin da ke tafiya miƙe ya fara hujjarsa. Rana na jan duniya kai tsaye zuwa kanta, layin jan ya bi ta kan O, tok sifiri, L ba zai canza ba. Gwada da lamba: farkon Janairu, muna tsakiyar hunturu leɓe na fashewa, a lokacin ne duniya ta fi kusa da rana, kamar kilomita miliyan 147.1, tana gudun kilomita 30.29 a sakan. Farkon Yuli ta fi nisa, miliyan 152.1, gudun ya sauka zuwa 29.29. Ninka na farko ka samu kamar 4,456, na biyu kamar 4,455. A waɗannan wurare biyu tafiyar duniya a tsaye take cak da layin rana shi yasa nisan kansa ya zama d.

Saura abu ɗaya, in abin yana tafiya kuma yana juyawa a lokaci guda. Nan kashi biyu zaka yi ka haɗa: na tafiyar cibiya, M v d kamar yadda muka saba, da na juyin abin a kan cibiyarsa, Iω. Yaran lungunmu da ke gara tsohuwar taya da sanda sun isa misali. A ce tayar kilo 8 ce, daga tsakiyarta zuwa baki mita 0.3, tana gudun mita 2 a sakan, mu ɗauke ta kamar zobe don sauƙi, O kuma wani dutse a ƙasa a kan hanyar da take bi. Cibiyarta na tafiya mita 0.3 sama da ƙasa, kashin farko 8 × 2 × 0.3 = 4.8. Juyinta ω = 2 ÷ 0.3, kamar 6.67, I = 8 × 0.09 = 0.72, ninka ka samu 4.8 kuma. Duka ɓangare ɗaya suke juyawa don haka a tara, 9.6. Da jan ta ake yi a tsaye tana santsi bata garawa, 4.8 ɗin farko kaɗai zata samu. Ka kuma lura kashi na biyu ba ruwansa da inda ka tsaya, ko'ina ka kai O yana nan 4.8, na farkon ne ke bin ka duk inda ka koma. Duniya ma haka take, na kewaya rana kamar 2.7 × 10⁴⁰, na juyinta na dare da rana kamar 5.9 × 10³³, wato na tafiyar ya ninka na juyin sau miliyan huɗu da wani abu, kuma shi ne wanda ɗalibai ke mantawa da shi.

Da na gama mata duk wannan nace to 'yata ɗauki biro ki sake. Tambayar tata mota ce mai kilo 1,200, kilomita 54 a awa, mutumin yana mita 5 daga layin, motar na fitowa daga hagunsa. Ta ɗiga O, ta ja layinta da gefen katin waya don bata zo da rula ba, ta danna kalkuleta tace Kawu 324,000. Nace 54 ɗin a me take? Ta dafe kai, ta raba da 3.6 ta samu 15, ta sake ninkawa, 90,000. Nace saura. Ta kalle ni ta kalli takarda, can ta ajiye biro ta ɗaga hannun dama ta miƙa shi wajen titi tana murɗawa har mai kokon da ke gefe ta tambaye ta ko hannun ne ke ciwo, sannan ta sa alamar ragi a gaba ta rubuta kg m²/s a baya, ta ɗauke ƙosaina na ƙarshe tayi cikin gida.